Dodon Kantu a Shekarar Baƙi

Wanda ya fara sa rigar Dodon Kantu a unguwarmu ta Gadarif shi ne Cindo Mai Lauje, ranar Ƙaramar Sallah ta shekarar 1969. Ya dawo daga yankan riɗi a gonakin Simsim ba shi da abin da zai ba yaran maƙwabta barka da Sallah sai rabin buhun riɗi, wanda matarsa ta soya ta haɗa da sukari ta yanka kantu. Cindo mutum ne mai jin kansa. Ya ga kyautar ta yi masa ƙanƙanta, bai yarda a ga fuskarsa tare da ita ba. Sai ya ɗinke buhunan dawa huɗu suka zama riga har ƙasa, ya huda wa wani babban duma idanu biyu ya kifa a kansa, ya liƙa masa gemun rama, ya ɗaura busasshen kwanson riɗi a idon sawu domin a ji takunsa daga nesa. Ya tsinci karan dawa guda a bakin danga, ya fita. Duk yaron da ya juya masa baya, sai ya taɓa shi da karan sau ɗaya, ya ba shi kantu.

Cindo ya sa rigar shekara goma sha shida. Yunus Dogo ya karɓa a shekarar yunwa, lokacin da babu riɗi babu sukari, ya fita da gasasshiyar dawa a jaka, kuma babu yaron da ya koma gida hannu wofi. Bayan Yunus sai Husain Tela, wanda kare ya kama wa ƙwauri a tsakiyar zagaye, ya gama yinin da jini cike da takalminsa ba a ji ko tarinsa ba. Ba a ambaton sunan mai riga sai bayan ransa. Kafin nan mutum ɗaya ne ya san shi, wato mai ajiyar akwatin kayan, kuma tun rasuwar Cindo akwatin yana ɗakin ɗan ƙanensa, Malam Mailafiya.

Dodo ba ya magana tun daga sa duma har cire shi, ba a kuma ganin fuskarsa. Ba ya tsallake ƙofar da ke da yaro, tun daga injin niƙa har bakin kwari. Amma dokar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta kara. Guda ɗaya ake ba shi da safe, busasshe tun na kakar bara, wanda ko ɗan yaye zai iya karyawa, kuma da shi zai dawo da la'asar. Idan ya karye, ko mene ne dalili, rigar ta bar mutum ke nan har abada. Tsakanin Yunus da Husain an taɓa ba wani ita; karansa ya karye a bayan wani yaro tun kafin hantsi, aka karɓe ta a ranar, kuma har yau bai sake taɓa ta ba.

Husain Tela ya rasu a watan da birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙa, lokacin da motoci suka riƙa sauke mutane a Gadarif da katifu a kai. Makarantar firamare ta unguwarmu ta cika da baƙi, kowane aji gida uku ko huɗu, an raba da zane. Azumi ya kama, samari sun watse, wasu yaƙi ya ɗauke su, wasu sun tsallaka iyaka ta Gallabat. Rigar kuwa tana son dogon mutum mai ƙarfi, domin nauyinta da zafin watan Afrilu sun isa su kayar da rago.

Wanda ya zo nemanta, a nan za a kira shi Ɗayyabu, domin yana raye, kuma doka ta hana a faɗi sunansa na yanka. Shekara tara kafin wannan, a wata gona a Simsim, ma'aikata sun yi kwana biyu motar ruwa ba ta zo ba. Da ta zo aka yi turereniya a bakin ganga, wani saurayi mai suna Abdurrahim ya ture moɗar Ɗayyabu ta zube. Ɗayyabu bai zage shi ba. Ya damƙe hannunsa na dama ya danne a kan murfin ganga, ya sauke masa lauje. Yatsu uku suka faɗa cikin ruwan, kuma duk da ƙishirwar da ake ciki babu wanda ya iya sha. Ya yi shekara bakwai a kurkuku. Da ya fito ya kama dako a kasuwar amfanin gona, yana ɗaukar buhu biyu a lokaci ɗaya, yana kwana a wani shagon langa-langa. Idan ya shigo layi, mata kan kira 'ya'yansu cikin gida. Abdurrahim ya koma Gallabat da zama, ya bar 'yarsa Rahma a hannun mahaifiyarsa, Ummusalama. Ummusalama kuwa ita ce ke yin kantun Dodo shekara ashirin da biyu.

Ran ashirin ga azumi, bayan azahar, Ɗayyabu ya yi sallama a rumfar Malam Mailafiya, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, na ji Husain ya tafi bai bar magaji ba."

"Ka ji daidai. Ta'aziyya ka kawo, ko akwati ka zo leƙe?"

"Rigar nake so."

Mailafiya ya dube shi tun daga tsagaggun ƙafafunsa har wuya. "Da wane hannu za ka riƙe karan? Na laujen, ko ɗayan?"

"Da wanda ka ce."

"Ka san wadda ke yin kantun?"

"Na sani."

"To me kake nema a cikin buhu, ya zol, bawan Allah? Ba a biya. Ba a yabo, tunda ba a san ka ba. Zafi ne kawai da ƙaiƙayi."

Ɗayyabu ya ce, "Shekara biyu ke nan da na fito. In na tashi da safe, buhu ne kawai yake jirana. Ina ɗan shekara shida Yunus ya taɓa ni da kara a gaban injin niƙa, na yi kwana uku ban yarda an wanke mini baya ba. Ina so yaro ya gan ni ya rugo, ko da bai san ni ba ne."

Mailafiya bai ce ya yarda ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da duma da kara da wata tsohuwar dorina. Haka aka gwada Yunus, haka aka gwada Husain. Ya kifa wa Ɗayyabu duma, ya ba shi karan a hannun dama, ya sa shi tuɓe riga. Tsoho ne, amma ya yi kiwo a ƙuruciyarsa, ya san inda dorina take shiga. Ta farko ta tashi fata. Ta biyu ta sauka a kan ta farko, jini ya tsattsafo. Ta uku ya kai ta ƙarƙashin haƙarƙari, inda mutum ba ya iya riƙe numfashi. Ɗayyabu ya yi rawa a tsaye kamar ingarman da aka ja wa linzami, amma bai yi sauti ba. Mailafiya ya karɓi karan ya duba shi a rana daga kai zuwa gindi, bai ga ko lotsawa ba.

"Ka zo ta bayan gida bayan an sauko Idi," in ji shi. "Idan ka dawo mini da shi biyu, kada ka sake bin layin nan."

Ranar jajibiri Ummusalama ta kawo kantu a cikin kwanduna biyu, ta zauna a bakin rumfa tana fifita da gefen tobinta, wato babban mayafin da matan ƙasar nan ke naɗawa.

"Malam, wa ka samo mana bana?"

"Hajiya, shekara ashirin da biyu kina yi mini wannan tambaya."

"Kai kuma shekara ashirin da biyu kana yi mini rowa. To bar wannan. Mutanen makaranta fa, an gaya musu?"

"A gaya musu me?"

"Cewa gobe wani ƙato zai shigo musu da rufaffiyar fuska. Ina kai musu abinci, ina jin abin da suka baro. Waɗanda suka shiga gidajensu duk fuska a naɗe suka zo."

"Cindo bai aika ɗan saƙo ba," in ji Mailafiya. "Yunus bai aika ba. Dodon da aka yi wa shela ai ba Dodo ba ne, mai talla ne."

"Cindo bai ga yaƙi ba."

"Ya ga abin da ya isa."

Ta tafi tana girgiza kai. Dole a faɗi gaskiya ko da ta taɓa dattawa: kuskuren na Mailafiya ne, kuma da an tambayi sauran manyan unguwa a ranar, da bayansa za su bi.

Aka sauko Idi rana ta riga ta yi zafi. Ƙarar kwanson riɗi ta taso daga bayan injin niƙa, yara suka fito daga kowace ƙofa da sababbin kaya, suna waƙar da iyayensu suka yi kafin su: Dodo ga baya, ba ni in tafi. Ɗayyabu yana kallonsu ta hudoji biyu, gumi yana shiga masa ido, tabon dorina yana cizo a ƙarƙashin buhu. Yaro na farko ya juya baya ya runtse ido. Ɗayyabu ya ɗaga karan, sai ya ga bai san yadda ake sauke hannu a hankali ba. Ya tsaya da shi a sama har yaron ya waiwayo ya ce, "Dodo, ka manta ne?" Aka fashe da dariya. Ya sauke shi kamar mai ajiye ƙwai.

Daga nan hannun ya koya. Ya yi musu tafiyar tsoho, ya yi ta raƙumi, ya bi wani mai ƙiba da gudu har cikin zaure. A ƙofa ta goma sha wani abu, wata yarinya mai kitso biyu ta juya masa baya tana dariya, sauran suna kiranta Rahma. Ya taɓa ta, ya ba ta kantu. Ta duba ta ce, "Wannan na kakata ne, na san yankanta. Ƙara mini." Doka ba ta hana ƙari ba. Ya ƙara mata.

Malam Mailafiya yana biye daga nesa da sandarsa, kamar yadda mai akwati ya saba, amma ƙafarsa ba ta kai ta da ba, kuma masu gaisuwar Sallah suna ta tare shi. Lokacin da Dodo ya kai ƙofar makaranta, an bar tsohon a baya da layi biyu.

A shekarun baya makaranta a kulle take ranar Sallah, Dodo kan wuce ta. Bana kuwa ƙofar a buɗe take, ga shanya, ga murahu, ga yara fiye da hamsin a tsakar fili. Ɗayyabu ya tsaya. Doka ta ce ba a tsallake ƙofar da ke da yaro. Ya sunkuya ya shiga.

Yarinyar da ta fara ganinsa sunanta Hanadi, 'yar shekara bakwai. Mahaifinta Elfatih makaniken manyan motoci ne a Madani, kuma a gabanta mutane masu naɗaɗɗiyar fuska suka harbe ƙanensa a tsakar gida. Hanadi ba ta gudu ba. Ta tsaya inda take, fitsari ya bi ƙafarta, ta buɗe baki ta saki wata ƙara wadda ba ta yankewa. Sauran yaran suka watse suna faɗawa kan murahu da igiyoyin shanya. Yaran unguwa da suka biyo Dodo suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, waƙa ta mutu a bakinsu.

Elfatih ya fito daga aji da ƙafar bencin ƙarfe a hannu, maza biyar ko shida a bayansa, wani da gora, wani da taɓarya.

"Tsaya nan," ya ce da Larabci. "Wane ne kai? Buɗe fuskarka."

Ɗayyabu yana jin Larabci kamar kowa a Gadarif. Kalma biyu sun isa. Amma Dodo ba ya magana, kuma idan ya cire duma, yaran da ke bakin ƙofa za su ga fuskar da iyayensu ke ɓoye su daga gare ta. Ya sa hannun hagu cikin jaka domin ya nuna musu kantu.

"Yana zaro wani abu," in ji mai gora.

Gorar ta sauka a kafaɗarsa, jakar ta faɗi, kantu ya warwatsu a ƙasa. Taɓarya ta same shi a ƙugu. Abu ɗaya ne ya zo masa a rai: karan. Ya ɗaga shi sama da hannun dama iyakar tsawonsa, inda sanda ba za ta kai ba. Su kuwa abin da suka gani shi ne ƙato mai rufaffiyar fuska ya ɗaga musu makami.

Suka rufe shi. Ƙarfen Elfatih ya shiga haƙarƙarinsa na hagu sau biyu, ya ji abu ya ɓalle a ciki kamar an taka busasshen itace. Wani ya ɗauko dutsen murhu ya jefe shi a gwiwa. Ɗayyabu ya yi shekara bakwai a inda ake faɗa a kan gurbin kwanciya, idonsa ya san aikinsa ko bai sa shi ba: ya ga haƙarƙarin mai taɓarya a buɗe, ya ga maƙogwaron Elfatih a tazarar hannu ɗaya, ya san cewa da hagu kaɗai zai kwantar da uku kafin sauran su ja baya. Hannun hagun ya dunƙule da kansa. Ya tura shi cikin igiyar ɗamararsa ya murɗa har igiyar ta ci fata.

"Yi magana," Elfatih yana faɗa, yana duka, hawaye na zuba masa. "Wa ya aiko ka? Su nawa ne a waje? Yi magana, ɗan haram."

Da ya ga hannun ya ƙi saukowa, sai ya hau kan benci ya kai masa ƙarfen a tsakanin damtse da wuyan hannu. An ji karyewar ƙashin har bakin ƙofa. Yatsun suka buɗe, karan ya taho ƙasa yana juyawa, Ɗayyabu ya fizge hagunsa daga ɗamara ya cafe shi a iska da yatsu biyu, ya sake ɗaga shi. Ya zube a kan gwiwoyinsa. Gora ta sauka a kan duma, ya tsage tun daga hudar ido har gemu. Wani ya zaro bakin wuta daga murhu ya cusa a gemun rama, wutar ta kama ta fara bin buhu.

A lokacin ne Ummusalama ta shigo, Rahma tana janta da hannu. Ta ɗauki tukunyar ruwan wanki ta sheƙa wa Dodo a kai, ta tsaya tsakaninsa da mazan, tana haki.

"Ka ji kunya, ya ɗana," ta ce wa Elfatih da Larabci. "Tuwona ka ci jiya. Dubi ƙasa. Dubi abin da kuke takawa."

Suka duba. Kantu ne, ya haɗu da ƙasa da jini.

"Wannan Dodon yaranmu ne. Tun kafin a haife ka yake yawo a layin nan. Ku shida a kan mai rabon alawa. Da haka kuka yi a Madani da ba ku zo kun cika mana makaranta ba."

Maganar ta yi nauyi, kuma daga baya ta nemi gafara a kanta. Elfatih ya saki ƙarfen. "Ya Hajja, mun tambaye shi. Ya ƙi magana."

"Ba ya magana. Aikinsa ke nan."

Ta juya ta durƙusa domin ta ga ɓarnar wutar. Tsagar duman ta buɗe kamar faɗin yatsu biyu, kuma ta cikinta ta ga ido ɗaya, da kunci, da wani tabo a gefen hanci wanda ta zauna tana kallo kwana uku a kotu shekara tara da suka wuce. Bayanta ne ke fuskantar jama'a, babu wanda ya ga abin da ta gani.

"Kai ne," ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa.

Idon bai kauce ba.

"Kai ka taɓa mini jika da safe."

Ta kai hannu ta kama karyayyen hannunsa na dama daidai inda ƙashin ya turo fata, ta matse. Ta matse da dukan ƙarfin mace mai daka riɗi shekara ashirin da biyu, tana kallon idon. Idon ya cika da ruwa, jikin ya ɗauki rawa har kwanson riɗi yana ƙara a ƙafarsa. Sauti bai fito ba. Karan yana sama a hannun hagu.

Ta saki. Ta zauna a kan dugaduganta, ta daɗe. Sannan ta yage gefen tobinta na Sallah, ta naɗe duman zagaye uku ta rufe tsagar, ta ɗaure a ƙeya. Ta yagi wani ta rataye masa hannun a wuya.

"Tashi," ta ce. "Saura layi huɗu. Kantuna ba ya komawa gida."

Malam Mailafiya ya iso a wannan lokaci, ya tsaya a bakin ƙofa yana dogara sanda. Bai dubi jinin ba, karan ya duba.

Ummusalama ta sa yaran unguwa suka tsince kantun da bai ɓaci ba, ta mayar cikin jaka ta rataya wa Dodo. Baƙin yara suna leƙe ta tagogi, babu wanda ya fito. Ta dubi Elfatih.

"'Yarka ta ga ka doke shi. Yanzu za ta kwana da cewa abin da ya zo Madani ya biyo ta nan. Zo ka juya masa baya ta gani."

"In juya masa baya?"

"Haka ake yi. Ya taɓa ka, ya ba ka alawa."

Elfatih ya dubi ƙaton da ke tsaye yana tangaɗi, hayaƙi na tashi daga ƙirjinsa, hannu ɗaya a rataye. Ya dubi tagar da Hanadi take. Ya matso, ya juya, ya sunkuyar da kai. Wuyansa a buɗe yake, gumi yana bin ƙashin bayansa.

Ɗayyabu ya ɗaga karan. Kowane numfashi yana soka masa wuƙa a haƙarƙari, ƙashin hannunsa yana gogar juna, kuma ga mutumin da ya yi masa haka ya miƙo masa ƙeya. Karan ya riƙa kaɗawa a sama har ana jin kukan ganyensa. Mailafiya ya ga jijiyoyin hannun sun miƙe, ya san abin da ke zuwa, domin ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya, ranar da kara ya karye a bayan yaro kafin hantsi.

Karan ya sauko ya kwanta a kafaɗar Elfatih, ya ɗan jima a wurin, ya tashi. Dodo ya maƙale shi a hammata, ya laluba jaka da hagu, ya ba mutumin kantu biyu.

Elfatih ya tsaya yana kallon abin da ke tafin hannunsa. Rahma ta ture shi gefe ta ce, "Kawu, ka ci naka, matsa," ta juya baya karo na biyu a yini ɗaya, kuma babu wanda ya hana ta. Bayanta wani yaro daga cikin baƙi ya fito a guje, ya juya, ya karɓa, ya koma a guje.

Dodo ya gama layi huɗun da suka rage yana jan ƙafa, yana tsayawa a jikin kowace katanga. Yara suka ɗauka sabuwar tafiya ce ya ƙirƙiro, suka riƙa kwaikwayonsa. Ya kai bakin kwari, ya juyo, ya shiga gidan Mailafiya ta baya ana kiran la'asar. Ya miƙa karan kafin ya faɗi.

Da aka kira mai ɗori ya shiga ɗaki, Ummusalama ta zo ta tsaya a bakin rumfa, ta ƙi zama.

"Malam, shekara ashirin da biyu ina tambayarka, ashe ranar da zan sani ita ce ranar da ba na so."

"Hajiya, ban san abin da kika gani ba."

"Ban ga komai ba. Amma ka gaya wa wanda ban gani ba cewa ban yafe ba, kuma Abdurrahim bai yafe ba. Baɗi zan yi kantu. Ranar da karan nan ya karye a bayan yaro, ba sai ka karɓe riga ba, ni zan zo da taɓarya." Ta gyara yagaggen tobinta. "Kuma baɗi za a aika wa baƙi tun jajibiri, ko Cindo ya so ko bai so ba."

Mailafiya ya ce za a aika.

Abin da wannan Sallah ta ci da abin da ta bari ba ɓoyayye ba ne. Haƙarƙari uku sun karye, hannun dama ya ɗoru a karkace, Ɗayyabu bai sake ɗaukar buhu biyu ba, yanzu ɗinkin bakin buhu yake yi a kasuwa. Gemun rama ya ƙone, an yi sabo. Duman Cindo, bayan shekara hamsin da biyar ba tsaga, ya sami ɗinki goma sha tara. An taɓa yaran unguwa ɗari da arba'in da uku, da na baƙi tara daga cikin fiye da hamsin, da babban mutum ɗaya. Hanadi ba ta fito ba, amma an ga ta ci abin da mahaifinta ya kai mata. An ƙara doka guda, ta aika wa baƙi, kuma ana kiranta da sunan Ummusalama. Ba a ji muryar Dodo ba. Mace ɗaya ta ga fuskarsa, ta riƙe bakinta. Kara ya dawo guda, rigar ta zauna a hannun wanda ya nema, shi ne na biyar da ya sa ta, na huɗu da ya riƙe ta, kuma ya sake fita da ita a Ƙaramar Sallar da ta biyo baya, da karan a hannun hagu.